Abin da Na Ji a Bayan Yaya

Idan rana ta take, tankunan da ke jere a bakin rumfarmu sukan yi ƙara da kansu. Zafi ne ke buɗa ƙarfen, sai ka ji gau, kamar wani ya ƙwanƙwasa daga ciki. Shekara talatin da ɗaya ina jin wannan ƙara ban taɓa ɗaga kai ba. Yanzu kuwa da wani tanki ya yi ta sai guduma ta tsaya a hannuna, in yi tsaye ina jira kamar za a kira ni. Maƙwabtana masu gyaran mota da can suna yi mini dariya, daga baya suka bari, don sun ga abin ba na dariya ba ne.

Ni da Yaya muka kafa rumfar. Tankin ruwa muke ƙerawa, na ƙarfe, irin wanda ake ɗorawa a saman gini. Ya girme ni da shekara tara, shi ya koya mini yankan farantin ƙarfe da riƙon sandar walda, shi kuma ya koya mini sauraron tanki. In mutum ya zo yana kukan tankinsa ba ya riƙe ruwa, ba ma hawa tsani mu buɗe murfi mu leƙa, wannan aikin sabon shiga ne. Sai mu sa a cika shi, mu bi jikinsa da gaɓar yatsa muna ƙwanƙwasawa daga sama zuwa ƙasa. Inda babu ruwa ƙarfe yakan amsa maka. Inda ruwa ya fara sai ya yi gum, ya haɗiye ƙarar. Nan za a ja layi da alli. Washegari a dawo a sake, a ja wani layin, tazarar da ke tsakaninsu ita za ta gaya maka girman yoyon.

An ce yabon kai jahilci ne, to amma a wannan fanni na wuce malamina, shi ma da bakinsa ya faɗa. Matar Yaya ce ta laƙaba mini Mai Kunne, sunan ya bi ni har 'ya'yana sukan faɗe shi a bayan idona. In ta gabatar da ni ga baƙi sai ta ce, "Ga ƙanin mijina, Allah ya ba shi kunne ya hana shi jin magana." Ni kuma in ce mata ai jin maganarta da Yaya ya yi ne ya sa gashinsa ya zube. Haka muke da ita tun ranar da ta shigo gidan.

Ciwon Yaya da gajiya ya fara. Mutumin da ke ɗaga rabin faranti shi kaɗai ya koma zama a kan benci yana nuna mini da baki. Sai gumi, sai wasu ƙulluttai a wuya da hammata. Muka yi ta yawo daga wannan gwaji zuwa wancan, har aka zaunar da mu aka ce kansar jini ce. Aka fara ba shi magani ta jijiya. Ya rame, ya yi fari, amma bakinsa bai mutu ba, kullum cikin tsokanar ma'aikatan jinya yake. Sai a wata na biyar numfashi ya fara yi masa gardama. Daga ɗaki zuwa banɗaki sai ya huta a hanya. Ba ya iya kwanciya sai an jera masa matashin kai uku.

Likitar da ke duba shi wata doguwar mata ce mai ƙaramar murya, ba ta da gaggawa ko kaɗan. Ta sa ya cire riga ya juya mata baya. Ta shimfiɗa hannun hagu a bayansa, ta riƙa bugun yatsarta ta tsakiya da yatsar hannun dama, tana saukowa tsakanin haƙarƙari. Ina tsaye a jikin ƙofa riƙe da rigarsa. Na ji yana amsawa, yana amsawa, sai ya yi gum.

"Nan ne," na ce, ban ma san maganar ta fita ba.

Ta juyo ta dube ni ta saman tabarau. "Kai ma'aikacin lafiya ne?"

"Mai tanki ne, likita," in ji Yaya. Ya so ya yi dariya, tari ya ƙwace ta.

Ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce ruwan ba cikin huhu yake ba. Huhu yana da riga mai ninki biyu, ciwon ne ke sa ruwa ya taru a tsakanin ninkin, yana ƙaruwa yana matse huhun har ya rasa wurin buɗewa.

"Wato yoyo nake yi ta ciki," in ji Yaya. "Babu inda za a ɗan ɗiga walda?"

Ta ce babu. Sai dai a riƙa zuƙe shi in ya taru, a ci gaba da maganin ciwon.

Ranar na ga yadda ake yi. Aka zaunar da shi ya rungumi matashin kai a kan tebur, aka kashe wurin da allura, sannan aka soka wata mai kauri tsakanin haƙarƙari. Ruwa ya biyo siririn tiyo zuwa kwalba, ruwan ɗorawa, kamar shayin da bai ji ganye ba. Ina kallon kwalbar tana cika ina mamakin yadda ɗan'uwana ya yi ta yawo da wannan kaya a ƙirji. Da ta wuce lita ɗaya likitar ta rufe, ta ce ba a kwashe shi duka a zama ɗaya. Yaya ya ja numfashi mai tsawo, irin wanda ya yi makonni bai ja ba, ya ce a ba shi abinci.

Amma ruwan yana dawowa. Da farko bayan sati uku, sai ya koma sati biyu. Yaya kuwa ya tsani asibiti, wanzami ba ya son jarfa. Ya tsani warin wurin da zaman layi, ya tsani yadda ake kiransa da lambar kati. Kowace tafiya sai an yi daru, matarsa ta yi lallashi ta yi faɗa ta koma kuka. Shi ne wata safiya ya cire riga ya juya mini baya a falonsa.

"Ƙwanƙwasa," ya ce. "Abin da matar nan take yi, ai sana'armu ce."

Na kwaikwayi yadda ta ɗora hannu. Na bi bayansa daga kafaɗa, na sami inda ya yi gum, matarsa ta kawo biro ta ja layi. Daga ranar ya zama aikina. Kowace safiya kafin in wuce rumfa sai in biya, in ƙwanƙwasa, a ja layi. Yaya da kansa ya kafa dokar: in layi ya kai ƙasan allon kafaɗa, zai shiga mota ba tare da gardama ba, in bai kai ba kowa ya shafa masa lafiya. Rigima ta ƙare a gidan. Sau huɗu muna zuwa a kan wannan lissafi, sau huɗu hoton ƙirji yana nuna ruwa daidai inda biro ya tsaya. A na huɗun likitar ta ga layukan a bayansa, ta yi murmushi ta ce, "Mai tanki, kunnenka yana da kyau." Ta ƙara da cewa duk da haka kada mu dogara da shi kaɗai. Yabon na ɗauka na sa a aljihu, sauran maganar na bar mata a ofis.

Zuƙar da ta biyo baya ranar Talata aka yi ta. Allura na ciki tari ya sarƙe shi, ya motsa, likitar ta ce ya daure ya tsaya cak. Aka gama, aka ɗauki hoto, ba a ga wani abu ba. Nas ta miƙa wa matarsa takardar da ake ba mu kowane zuwa, ta maimaita abin da ke ciki: in numfashi ya ƙara wuya ko ƙirji ya riƙa suka, a dawo nan take, kada a jira.

Laraba da ƙarfe bakwai da rabi na isa gidan. Na tarar da matar Yaya a bakin ƙofa, ta yafa mayafi, jakar asibiti a hannunta.

"Shiga ka yi wa ɗan'uwanka magana," ta ce. "Tun da gari ya waye numfashinsa ba daidai yake ba, ya ce ba inda za shi."

Yana zaune a bakin kujera, ya dafa gwiwoyi da hannu biyu, gumi a goshinsa. Ya ce gefen dama ne ke sukarsa, wurin allurar jiya. Maganar a gutsure take fita.

"Jiya fa... aka kwashe," ya ce. "Ina ruwa... zai fito?"

"Takardar ba ta ce in akwai ruwa ba," in ji matarsa. "Cewa ta yi in numfashi ya yi wuya."

"Takarda... ba ta da kunne." Ya dube ni. "Duba. In akwai... mu tafi. In babu... ku bar ni."

Ta dube ni ita ma. Na gane abin da idonta ke roƙo, so take in ce akwai ko da babu. Amma ni ban taɓa yi wa tanki ƙarya ba, balle Yaya. Na ɗaga masa riga, layukan biro na makonni suna nan sun dushe. Na ɗora hannu na fara daga kafaɗar dama.

Ya amsa. Na sauko, ya amsa. Na wuce ƙasan allon kafaɗa, na wuce layin ƙarshe, na kai har inda haƙarƙari ya ƙare, bai yi gum ba ko sau ɗaya. Ban taɓa jin bayan nan ya yi irin wannan ƙara ba, tas, mai faɗi, kamar sabon tankin da ruwa bai taɓa shiga ba. Na gwada gefen hagu, mai lafiyar, sai na ji na daman ya fi shi ƙara nesa ba kusa ba. Abin da na ji a raina a lokacin shi ne ke hana ni sakewa har yau: murna na yi. Murna sosai, har sai da na tafa hannu.

"Babu ko ɗigo," na ce. "Wallahi Yaya, ya ma fi na hagun. Wannan karon sun share shi tas."

"Kin ji," in ji shi.

"To me ya hana shi numfashi?" ta tambaye ni.

"Tsamin allura ne, da gajiya. Ke dai kina son yawon asibiti, ko akwai wanda kike gani a can ne?"

Ba ta rama ba, ita da ba a tsokanarta ta yi shiru. Ta ajiye jakar a kan tebur ta cire mayafin. Na shiga na wanke hannu, na ce masa ya huta, na tafi rumfa don akwai tankin da za a zo ɗauka.

Wajen sha biyu da rabi wayata ta yi ƙara. Matar Yaya ce. Ban ma gane abin da take faɗa ba, na dai ajiye sandar walda na fita da gudu. Na same shi a ƙasa, jingine da kujera, leɓɓansa sun yi toka, jijiyoyin wuyansa sun kumbura kamar igiya. Ni da wani maƙwabci muka ɗauke shi zuwa mota. A hanya kansa yana kan cinyata, bakinsa a buɗe yana neman iska kamar kifin da aka jefo kan tudu, ni kuma ina ta gaya masa babu ruwa, Yaya, na duba, babu ruwa, kamar hakan zai taimake shi da wani abu.

A ɗakin gaggawa likitar ta zo da sauri, karo na farko da na ga ta yi sauri. Ta buga ƙirjinsa sau biyu kawai, ta karɓi allura ta soka ta gaba, ƙasa da ƙashin wuya. Na ji wani huci ya fito, fiii, kamar an sassauta bakin taya. Suka ja labule. Sun daɗe suna danna ƙirjinsa, ina jin ƙidayarsu daga waje, har ƙidayar ta tsaya.

Daga baya likitar ta kira ni gefe, kusa da wurin wanke hannu.

"Likita, babu ruwa," na ce. "Da safe na duba shi."

"Gaskiyarka, babu ruwa. Iska ce." Ta ce wani lokaci huhu yakan sami ɗan ƙaramin rauni wajen zuƙar, ƙanƙane har hoto ba ya nuna shi da wuri. Iska sai ta riƙa tsiyaya cikin wurin da ruwan ya bari, tana shiga ba ta fita, har ta matse huhun ta danne zuciya. "In ka buga, ƙara yake yi fiye da na lafiya. Kamar ganga."

"Haka na ji."

"Da ƙarfe nawa?"

"Bakwai da rabi."

Ta ɗaga kai ta dubi agogon bango. Na tambaye ta, da mun zo a lokacin fa? Ta ce ciwon nasa ya riga ya yi nisa, kuma kwana in ya ƙare babu mai ƙara shi. Magana ce mai kyau, na gode mata. Amma na riga na ga ta dubi agogo.

A sana'armu abu biyu ne kawai a cikin tanki, ko ruwa ko babu. In babu, shi ke nan. Ban taɓa tunanin akwai wurin da babun ita ce ke kisa ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, na sha faɗa wa masu koyon aiki, ashe ni za a ɗaure da shi.

Ban gaya wa kowa ba. Masu zuwa ta'aziyya suna ta yaba mini, ƙanin kirki, kullum yana bakin ƙofa da sassafe, ni kuma ina amsawa ina jin kamar in tsage ƙasa in shige. Gidan Yaya kuwa na ɗauke ƙafa. Abin da ya kamata in kai sai in ba matata ta kai. A wurin aiki na daina ƙwanƙwasa tanki, na koma hawa tsani ina buɗe murfi ina leƙawa. Sau ɗaya na gwada, da gaɓar yatsata ta taɓa ƙarfen ya amsa sai na ji ɗumin fatar bayansa a tafin hannuna, da ƙasusuwan nan da suka fito. Na sauka na zauna a ƙasa, mai gidan ya kawo mini ruwa yana tambaya ko jiri ne.

Wata takwas ana haka. Ran nan da hantsi ina yanka faranti sai na ga inuwa a kaina. Na ɗaga gilashin fuska, matar Yaya ce. Tun da aka kafa rumfar ba ta taɓa taka ta ba. Ta rame, ta zauna a bencin da mijinta ke zama ba tare da an ce ta zauna ba.

"Mai Kunne, gudunmu kake yi?"

"Aiki ne ya yi yawa."

"Da can da ba ka da aiki ne kake zuwa kullum?"

Na kashe injin. Na zauna a kan wani guntun ƙarfe ina fuskantarta, na gaya mata duka, tun daga ƙarar har agogon likita. Na ce ni na hana ki kai shi. Kina da mayafi a ka da jaka a hannu, na sa kika ajiye. Har tsokanarki na yi.

Ta bar ni na gama. Ta ce likitar ta yi mata bayanin iskar tun a ranar, ba sabon labari na kawo mata ba.

"Saura wanda kai ba ka sani ba," ta ce. "Da ka fita, ya kira ni. Ya ce wannan ƙarar da ya ji a jikinsa ba ta lafiya ba ce. Ya ce shi ya koya maka aikin, ya san in gefe ɗaya ya fi ɗan'uwansa ƙara haka, ruwa ba ya tsami banza. Ya ce amma ya gaji da allura, ya gaji da rungumar matashin kai, a gidansa yake so ya zauna, kada in kira ka, kada in kira kowa. Ya ce mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo." Ta gyara mayafinta. "Na zauna a gabansa da waya a hannu, daga takwas har sha biyu da rabi. Kai kuskuren minti biyar ka yi. Ni ina gani na zauna. To ka bar mini kayana, kada ka haɗa da naka ka ɗauka. Yara suna tambayar ina baffansu."

Wani abu ya sauka daga ƙirjina, na ji shi yana sauka, har na fara kuka a gaban matar da shekara talatin ban taɓa yi wa magana ba sai da wasa. Sai kuma a tsakiyar kukan lissafi ya zo mini. Mutumin da na baro a kujerar nan ba ya iya haɗa kalma huɗu sai ya tsaya neman iska. Wannan doguwar magana, har da karin magana biyu, da wane numfashi ya yi ta? Na dubi fuskarta. Ita ma tana dubana, idonta a bushe, ba ta ƙifta ba. Ko dai Yaya ya faɗa, a gutsure, ta haɗa shi da kanta cikin wata takwas. Ko kuwa bai ce komai ba, ta zauna ne a kan maganata tana jiran tsamin allura ya wuce, yau kuma ta taso ta ɗora wa kanta abin da ba ta yi ba don 'ya'yanta su sami baffa.

Na share fuska da hannun riga na ce zan zo ranar Asabar. Na raka ta bakin titi na tsayar mata da tasi, na buɗe mata ƙofa. Ta shiga ta zauna, ta sauke gilashi.

"Mai Kunne, ka yarda da abin da na gaya maka?"

"Na yarda," na ce.

Ta daɗe tana kallona, har direban ya fara duban madubi. Sannan ta ce masa su tafi.